Kalmomi Ashirin na Ashafa

Sanƙarau ne ya fara ɗauke wa Ashafa ji, yana da shekara arba'in da biyar. Bai fasa noman rakensa a fadamar Gazara ba, yana kallon bakin mutane yana gane rabin abin da suke faɗa. Bayan shekara shida idanun ma suka tafi. Likita ya ce jijiyar ce ta mutu, babu abin yi. Bakinsa lafiya lau, sai dai in ya yi magana babu ta inda amsa za ta shigo masa. Matarsa Lantana ce ke jan hannunsa zuwa ga kwano ko buta.

Da rani wata ma'aikaciyar jami'a mai suna Martina ta zo da wani baƙin maɗauri da suke gwaji. Ana ɗaura shi a dantse. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa shida kamar maɓallan riga, suna sakin wutar lantarki kaɗan a fata, tsikari ba zafi. Kowane salon tsikari kalma ɗaya ce. Martina ta ba Lantana waya mai hotuna ashirin: in ta danna kwano, Ashafa ya ji "abinci", in ta danna masallaci, ya ji "sallah". Akwai "e", "a'a", "babu", "baƙo", da sunayen mutanen gida.

Wata biyu suka yi suna koyo. Lantana ta ɗora hannunsa a kan abu, ta danna, ta sake dannawa. Ranar da ya gane sunanta, tana can madafa ta danna, sai ta ji muryarsa daga zaure.

"Na'am, Lantana! Na ji ki!"

Ta zauna a kan turmi ta yi ta kuka. Daga nan ko kasuwar Makarfi ta je, sai ta aiko masa da sunanta, ya amsa wa iska yana murmushi.

Farkon damina Lantana ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, aka kai ta asibiti a Ikara. 'Yarsu Zulaihatu ta baro gidan mijinta a Likoro ta zo jinya. Daga kan gado Lantana ke danna sunanta sau uku a rana. Kwana tara ana haka. A na goma da hantsi ta cika.

Zulaihatu ta dawo tare da gawar, wayar na hannunta. Ta tarar da mahaifinta a zaure. Ta duba hotunan nan ashirin ɗaya bayan ɗaya, babu na mutuwa. Ta danna sunan uwarta, ta danna "babu".

"Ai na san ba ta nan," in ji Ashafa. "Tana Ikara. Da sauƙi dai ko?"

Ta danna "a'a".

"To Allah ya sawwaƙe. Ku ce mata ta daure ta ci abinci."

Zulaihatu ta juya ga ƙanen mahaifinta, Inuwa, wanda ke tsaye bakin ƙofa.

"Baffa, na rasa yadda zan gaya masa."

"Danna masa sallah," in ji Inuwa. "Ni zan kai shi."

Ashafa ya ji tsikarin ya ce azahar ba ta yi ba, rana ba ta taɓa ƙafarsa ba tukuna. Duk da haka ya yi alwala, ya bi hannun ƙanensa. Bai ji tabarma a ƙarƙashin ƙafarsa ba, ƙasar ƙofar gida ce. Kafaɗu suka matse shi dama da hagu. Ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya karanta Fatiha, ya jira kafaɗar Inuwa ta sunkuya ruku'u. Ba ta sunkuya ba. Ya jira, ya ƙara jira. Sahu ya watse ba wanda ya kai goshi ƙasa.

Ya damƙi rigar Inuwa.

"Inuwa, wa muka sallata?"

Inuwa ya yi magana, Ashafa bai ji ba. Ya sake tambaya da ƙarfi har mutane suka sunkuyar da kai. Wata mata ta leƙa cikin gida ta gaya wa Zulaihatu. Zulaihatu ta danna sunan uwarta.

Fuskar Ashafa ta washe.

"Na'am, Lan..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya riƙe da dantsensa, sannan ya zauna a ƙasa. Aka ɗauki makara aka wuce ta gabansa bai sani ba.

Bayan sadakar uku Martina ta zo gaisuwa. Da ta ji yadda aka yi, ta ce za ta ƙara kalmomi, ko hamsin ne. Sai dai koyarwar na son mai zama da shi kullum, ita kuwa Zulaihatu mijinta da 'ya'yanta na jiranta a Likoro, matar Inuwa kuma ta ce ba ta iya waya ba.

Ashafa da kansa ya kwance maɗaurin ya miƙa shi gabansa, bai san wanda zai karɓa ba.

"Ku mayar wa yarinyar nan kayanta," ya ce. "Ku yi mata godiya."

Martina ta karɓa. Wurin da maɗaurin ya zauna a dantsen Ashafa ya yi fari, da ɗigo shida. Ta yi masa sallama da murya kamar zai ji, ta fita. Da la'asar Zulaihatu ta hau mota zuwa Likoro, Inuwa ya ajiye wa yayansa kwanon tuwo kusa da ƙafarsa ya tafi gona.