Layin da Bai Kai Gidan Sekura Ba

Duk ranar Lahadi da hantsi Arezki kan hango Nna Sekura ta ɓullo daga wajen rafi, tana dogara sanda, ƙullin busasshen ɓaure a bayanta. Daga ƙofar shagon gahawarsa da ke saman gari ana ganin hanyar gaba ɗaya, da duk inda take tsayawa ta dafa gwiwa ta huta. Yakan so ya shige ciki ya kama wanke kofuna, amma sai ya tsinci kansa a tsaye yana kallonta har ta iso.

Matar yayansa ce, marigayi Sliman. A garin nan babbar mace Nna ake ce mata don girmamawa, babban namiji kuma Dda. Ɗanta Lunis yana Marseille a Faransa ba takardu, in ya fito ba komawa, shi ya sa ya yi shekara da shekaru bai tako gida ba. Akwai tsohuwar wayar tarho a gidanta, tana jin muryarsa a ciki. Ita dai cewa take murya ba ta nuna rama, sai ta ga kumatunsa za ta san ko yana cin abinci. Wayar hannu kuwa ba ta kamawa a kwarin nan, dutse ya tare.

Da kamfanin waya ya ce zai sa wa garin intanet ta tsofaffin wayoyin tarho, ba wanda ya kai ta murna. Abu ɗaya kamfanin ya nema, gari ya ba da wurin da za a kafa akwatin layi. Wuri biyu aka ambata: gefen injin matse zaitun a tsakiyar gangare, ko filin da ke jikin shagon Arezki.

Ma'aikacin da ya zo awo ya sha gahawa a shagon, kuma Arezki kaɗai ya ji abin da ya faɗa.

"Wayar jan ƙarfe gajiya take yi, Dda Arezki. Iya nisanka da akwati, iya raunin layinka. In an kafa a wajen injin zaitun, kowa zai samu daidai gwargwado, ba mai yin tsere. In an kafa a nan, ku na sama kun huta, amma gidajen bakin rafi sai dai su ji labari."

Gidaje uku ne a bakin rafi. Biyu a kulle suke, masu su suna Faransa, na ukun shi ne na Sekura.

A tajma'at, taron mazan gari, ba a yanke magana sai kowane gida ya yarda. Mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta tsaya ko da za a shekara ana zama. Mata ba sa shiga, saboda haka tun rasuwar Sliman Arezki ne bakin gidan Sekura. Ranar taron ma sai da ta tare shi a hanya ta ce, "Ni ban san kan abin nan ba. Ka dai tsaya mini in riƙa ganin yaron nan daga ɗakina."

Dda Hosin, shugaban taro, ya bi gida gida yana tambaya. Yawancin mutane a sama suke, kowa filin shago yake so. Arezki yana zaune yana hasko shagonsa cike da samari suna kallon ƙwallo ba yankewa. Sai ya ji an ce, "Gidan marigayi Sliman fa?"

"Ba mu da ja," in ji shi. Maganar ta fita da sauƙi har ta ba shi tsoro.

Shagon ya cika kamar yadda ya hasko, sai da ya ƙaro kujeru. A gidan Sekura kuma ƴar na'urar da aka jona wa tarho tana ta ƙyafta jar fitila, hoton Lunis ya tsaya da baki a buɗe, sannan ya ɓace. Da ta tambaya, Arezki ya ce kamfani ne ya zaɓi wuri, su ba yadda suka iya. Shi ya kawo shawarar ta riƙa hawowa ran Lahadi, ranar hutun Lunis, ta yi magana a bayan shago. Mutane suka yi ta yabon kirkinsa, yabon yana ci masa rai.

"Ina mai gahawar da ba ta da sukari?" haka take cewa in ta iso tana haki. "Kawo mini ɗana."

"Nna, na ce ki daina ɗauko ɓauren nan. Hawa da kaya a gwiwar nan taki?"

"Gwiwata ce ko taka? Karɓi, ka ga tumbi kamar na mai ciki, ɓaure ba zai ƙara maka komai ba."

Sai ya jingina mata waya a jikin gwangwanin sukari ya koma bakin ƙofa. Yana jin ta tana faɗa: "Juyo gefe in gani. Wannan gemun na mene ne, reza ta yi tsada a Faransa?" Lunis ya yi dariya, daga ƙarshe ya ce a ba shi baffansa. "Dda Arezki, Allah ya saka. Ba don kai ba da na manta kamannin tsohuwar nan." Arezki kan amsa da amin. Ɓauren kuwa bai taɓa iya ci ba, samarin shago yake zuba wa.

Ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya, irin ƙoƙarin da ba zai tona shi ba. Ya je ofishin kamfani a birni ya roƙi akwati na biyu, aka ce gida ɗaya bai isa ba, ya jira sabuwar waya in ta zo. Sau da yawa ya shiga taro da niyyar miƙewa ya ce a sake duba maganar. Amma hakan na nufin ya faɗi a gaban kowa cewa ya sani tun farko, kuma ya sayar da bakin matar yayansa. Sai ya zauna har a shafa fatiha.

Da sanyi ya shigo aka yi ruwa, hanya ta yi santsi. Wata Lahadi ta zame a ƙasan injin zaitun, masu tsintar zaitun suka ɗauke ta suka mayar gida. Ba karaya, amma likita ya ce hawan nan ya ƙare. Arezki ya sauka da wayarsa ɗauke da saƙon bidiyo daga Lunis. Ta kalla sau ɗaya ta miƙo masa.

"Wannan ba ya amsa mini. Na ce masa ya aske gemu, yana ta surutunsa."

"To ki dawo gidana, Nna. Ga ɗaki."

"Gidanka cike da surukai da jikoki, ina zan sa kaina? Ƴata Dahbiya ta ce in koma wurinta a birnin Tizi Wuzu. Wai a can layi kamar ruwan famfo." Ta dubi bishiyoyin ɓaure ta taga. "Hawa na huɗu take, Arezki. Ko kaza ba a kiwo."

Matar da tun da aka kawo ta amarya ba ta taɓa kwana uku a wani wuri ba, ita ce ta sayar da awakinta a sati guda. Ranar tafiya mijin Dahbiya ya kawo mota har inda hanya ta ƙare, Arezki ya yi ta jigilar kaya daga gida, yana zaɓen masu nauyi. Da ta kulle ƙofa ta ba shi mabuɗi, ya ji in bai faɗa yanzu ba ba zai taɓa faɗa ba.

"Nna, maganar akwatin nan. Ranar taro..."

"Bar shi, kada ka sa wa ranka damuwa," ta katse shi, ta dafa hannunsa. "Ka san me ya sa ban yi kuka ba? Da wani ne ya tsaya mini a taron nan, da har in mutu ina zargin an cuce ni. Amma kai ne. Na san in da hali, da ka tsayar da garin nan kaf saboda ni. Shi ya sa zan tafi da zuciya ɗaya."

Ya buɗe baki. Fuskarta a sake take, karo na farko tun da ta faɗi, kuma ya gane in ya yi magana har wannan ma zai ƙwace mata.

"Haka ne, Nna," in ji shi.

Ya sunkuya ya saɓa tukunyar gas a kafaɗa, ya bi ta a baya zuwa mota.