Sawun Takalmi a Bakin Rafin Kurotani

Wasiƙar Chizuru layi uku ce kacal. Za ta zo ranar Lahadin ƙarshe ta Satumba, kafin a rufe kamun kifi a rafukan dutse. Ranar Laraba za ta bi mijinta Brazil, ba ranar dawowa. Layi na uku kuwa cewa ya yi, "Zan zo da sandar."

Tomekichi ya yi ta karanta ta har takardar ta yi laushi. Shekara tara ke nan 'yarsa Chizuru ba ta yi masa magana ba, tun ranar da uwarta ta cika a asibiti shi yana can cikin dutse yana bin kifi, aka neme shi aka rasa sai yamma.

Sandar fatsa ce, shi ya ba ta ita tana 'yar shekara sha biyu. Irin mai haɗiye kanta ce, gaɓa cikin gaɓa. In an tattara ta sai ta shige jakar hannu, a hau jirgin ƙasa da ita ba wanda ya sani. In an zare ta kuwa ta fi tsayin mutum biyu, amma ba ta kai nauyin ƙwai biyu ba. Zare ne kawai a bakinta, sai ƙugiyar da aka yi wa riga da gashin tsuntsu ta koma kamar ƙwaro. Ya koya mata ta fara zaro siririn baki a hankali, ta bi rafi sama domin kifin iwana sama yake kallo, ta sauke ƙwaron bayan dutse ba tare da zaren ya taɓa ruwa ba.

Mota biyu ke hawowa ƙauyen, ta ƙarfe bakwai da ta ƙarfe ɗaya. Ya lissafa cewa mai tasowa daga birnin Nagoya, inda take zaune, sai ta ƙarfe ɗaya. Don haka ranar Lahadin da hantsi ya ɗauki tasa sandar ya nufi Kurotani, rafin da ya koya mata, ya samo abin da zai gasa mata da gishiri.

A mashigar rafin, kan wani dutse mai kama da saniya a durƙushe, ya tarar da sawun takalmi, jiƙaƙƙe, bai ko fara bushewa ba. Wani ya riga shi. Iwana kifi ne mai tsoro, inuwar mutum ɗaya ta isa ta hana shi ci har yamma, shi ya sa wanda ya fara shiga rafi nasa ne ranar nan. Ba a bin bayansa, ba a tsallake shi a shiga gabansa. Shekara sittin Tomekichi bai taɓa karya wannan ba. Ya ɗan tsaya yana kallon yadda rana ke cinye sawun daga gefe, sannan ya gyara malafarsa ya juya, ya haura tudu zuwa rafin da ke ɗaya kwarin.

Sha biyu da rabi ya iso kantin Kinue, inda mota ke tsayawa, da sabuwar riga a jikinsa. Tare suka yi firamare da Kinue, ba ta taɓa raga masa ba. Ya ce mata ta daina harararsa haka, kada mutane su ce kishi take yi da rigar.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Chizuru a garin da ke gindin dutse ta kwana, ta hawo a motar bakwai, ta sha shayi a nan tsaye, ta wuce Kurotani don ta san can zai je. Ta sauko ido jawur, ta bi motar sha ɗaya mai gangarawa gari.

"Kai dai tsohon banza ne, Tome," in ji ta. "Kan naka kifi ne a ciki ko ƙwaƙwalwa?"

Ya zauna a kan akwatin lemo. Kinue ta buga lambar da yarinyar ta bar mata, ta cusa masa wayar a hannu. Yana jin ƙarar jirgin ƙasa ta ciki.

"Na gan ka, Baba," in ji Chizuru. "Ina zaune a saman magangarar ruwa. Ka tsaya, ka dubi ƙasa, ka juya."

Ya shiga yi mata bayani cewa bai san ita ba ce, sawu ya gani, ya ɗauka wani baƙo ne daga birni, kuma ta san ba a shiga wa mutum rafi.

"Na sani. Kai ka koya mini. Jira nake ka ɗaga kai sau ɗaya kawai."

"To me ya hana ki kira ni, 'yata?"



"Kai ka ce ba a ɗaga murya a rafi."

Ya ce akwai mota gobe da safe, zai zo Nagoya, ko a tasha ne ya tsaya ta gan shi minti biyar. Ta ce gidan duk kwalaye ne, ga dangin mijinta, ga takardu. Ta ce ba fushi take ba, gajiya ce. Ta ce ya riƙa sa rigar sanyi in zai shiga dutse.

"Kada ka zo, Baba. Ba zan iya sake jiranka ba."

Jirgin ya shiga ramin dutse, murya ta ɗauke. Motar ƙarfe ɗaya ta zo ta tsaya, direba ya buɗe ƙofa, ba wanda ya sauko. Tomekichi na nan zaune da waya a kunne, sai da Kinue ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ta karɓe ta.