Ranar da Ylva Ta Koya wa Mamarta Zamiya

Matata Mette 'yar Denmark ce, ƙasar da ko akuya ba za ta yi haki ba in ta hau tudunta mafi tsawo. Mun daɗe muna zaune a Bergen, garin da duwatsu suka kewaye, amma ba ta taɓa ɗaura katakon zamiya kan ƙanƙara a ƙafarta ba. In mun hau dutse, nata aikin ta shimfiɗa buzu a kan ƙanƙara, ta ɓare lemo, tana ɗaga mana hannu.

Bara hutun Ista ya wuce mu, saboda autanmu Brage ya yi ƙarambau. Sai a ƙarshen Afrilu muka samu fita, ana gab da rufe wuraren zamiya. Muka ɗaure katakai a saman mota muka kama hanya, ana yayyafi kamar kullum. Gonaki duk sun yi kore, 'yan raguna na tsalle a bakin titi.

Brage, ɗan shekara uku, ya manna hanci a gilashi. "Baba, ina ƙanƙarar?"

"Tana gaba."

"Wa ya cinye ta nan?"

Yayarsa Ylva, mai shekara shida, ta ce, "Rana ce ta shanye ta, sakarai."

"Ylva, bakinki!" in ji Mette.

Haka muka yi ta tafiya, ana faɗa ana shiryawa, ana rabon burodi da cuku. Sai da muka wuce garin Voss muka fara hawa sannan farin ƙanƙara ya bayyana, da farko tsilli-tsilli a gindin itatuwa, can kuma ya rufe ko'ina. Yaran suka ɗauki ihu har sai da na toshe kunne ɗaya.

A can sama rana ta buɗe tar. Mutane sun tuɓe rigunan sanyi, wasu samari ma da gajeren wando suke gangarowa. Ƙanƙarar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen sukari, ruwanta na kwarara zuwa gindin tudun yara, inda ya taru ya zama ɗan kududdufi.

Mette ta shimfiɗa buzunta. Ylva ta zo ta zauna kusa da ita ta harɗe hannu.

Na ce, "Tashi mana, Ylva, ga tudu na jiranki."

"Ba ni zuwa. Yau ni ma 'yar Denmark ce."

Muka yi lallashi, muka yi cin hanci da cakulan, ta ƙi motsi. Ta ce ƙafarta ƙafar Mama, in Mama ba ta hau ba ita ma ta fasa. Mette ta harare ni kamar ni na kitsa. Na rantse ba ruwana. Ta yi ajiyar zuciya ta miƙe.

"To, in na karye, ku za ku yi ta girki har kaka."

Muka karɓo mata katakai da takalma a ɗakin haya. Na buɗe baki zan fara bayani, Ylva ta ɗaga mini hannu.

"Baba, kai ka cika surutu. Je ka kula da Brage." Ta juya ga uwarta. "Mama, lanƙwasa gwiwa. A'a, ba kamar mai zama a kujera ba! Haɗa bakin katakan, ki yi garma. Yawwa, yarinyar kirki."

Mette ta faɗi ta dama, ta faɗi ta hagu, ta faɗi ma a tsaye ba tare da ta motsa ba. Duk faɗuwa sai Ylva ta kakkaɓe mata wando ta ce, "Ba komai, kowa da haka ya fara." Brage kuwa ya zagaya su a kan 'yan guntayen katakansa yana cewa, "Mama, kalle ni!"

Da rana ta take, Ylva ta yanke hukunci cewa ɗalibarta ta isa hawa. Suka kama igiyar da ke jan mutane sama, ni da Brage muna kallo daga ƙasa. Mette ta tsaya a kan tudun ta daɗe. Sannan ta turo.

Da farko garmar ta yi kyau. A tsakiya sai katakan suka miƙe sambal, gudu ya ƙaru.

"Garma, Mama! Garma!"

"Ta ƙi!" in ji Mette da ƙarfi, sannan ta ƙwala mini kira. "Eivind, ku kauce!"

Na sungumi Brage na yi gefe. Ta wuce mu fuu, ta nufi kududdufin nan. Na runtse ido ɗaya. Amma saboda gudun da ta kwaso, sai katakan suka bi ta saman ruwan, yana fallatsa hagu da dama, ta tsallake tsaf tana tsaye. Sai da ta kai ciyawa sannan suka cije, ta zauna daɓas a cikin laka.

Masu shan rana a kujeru suka miƙe suna tafi da fito. Wani tsoho ya ce shekararsa hamsin yana zamiya bai taɓa iya wannan ba. Ylva ta iso ta dafa ƙugu.

"Ban koya miki wannan ba tukuna."

Mette na dariya har da hawaye, laka har a gira. Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, ta ce, "Sau ɗaya kuma."

Ba ta sauka ba sai da aka kashe injin igiyar.

A hanyar dawowa yaran suka yi barci tun kafin Voss, baki duk cakulan. Mette ta ɗora ƙafafu a gaban mota, safarta na bushewa, hancinta ya yi jawur saboda rana. Na zaci ita ma ta yi barci. Can ta ce, "Eivind, a watan Mayu ina ake samun ƙanƙara?"

Na ce akwai, amma da nisa.

Ta ce, "Motar ai ba ta gaji ba."