Burbushin Farar Ƙasa

Tari ya daɗe da barin Doña Hermelinda, zazzaɓi ma ya tattara nasa ya nasa ya yi gaba, amma asibiti ya ƙi sakin ta. Bini-bini sai a zo da dogon tsinken nan mai auduga a kai, a zura mata a hanci har ta ji shi a ƙeya, a tafi da shi, a dawo da magana ɗaya: har yanzu akwai ƙwayar cutar. Dokar asibitin kuwa sai gwaji ya nuna babu sau biyu a jere kafin mutum ya ga ƙofar gidansu. Waɗanda ta tarar a ɗakin duk sun fita, wasu da ƙafafunsu, wasu a cikin baƙar jaka. Waɗanda suka zo bayanta ma sun fita sun bar ta.

Ba zaman ne ya dame ta ba. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban murhu tana gasa tortilla, wainar masararsu, ai ta san zama. Abin da ya hana ta sakat yana can gida, shimfiɗe a tsakar ɗaki.

Tare aka kawo su asibitin birnin Oaxaca ita da mijinta Crisóforo, a bayan akori-kurar maƙwabci. A bakin ƙofa aka raba su, shi aka yi saman bene da shi, ita ƙasa. Maganar ƙarshe da ta yi masa faɗa ce, don ya baro malafarsa a gida kamar wani yaro. Tana kwance da robar iska a fuska ya cika. Babu wanka, babu zaman makoki, babu wanda ya rufe masa ido. Ƙona shi aka yi, aka miƙa wa 'yarsu Leobarda toka a ɗan akwati.

Leobarda dai ta yi abin da ake yi. Ta ɗebi farar ƙasar da suke dafa masara da ita, ta zuba gicciye a ƙasa inda ya kamata a ce gawa ta kwanta, ta kewaye shi da kyandir da fure. Kwana tara ake addu'a a kansa. Ran na tara sai aminin gidan, wanda suke kira compadre, ya share shi daga kai zuwa ƙafa, a zuba a kwali, a kai makabarta. Kowa ya san sai an kwashe gicciyen mamaci yake gane hanya. Kafin nan yana gida, yana zagaye cikin mutanensa. Wannan ne kaɗai sallamar da ta rage wa Hermelinda, kuma ta rantse ba za a yi ba ita.

Ranar da aka cire mata robar, waya ta fara nema.

"Leobarda, kina ji na? Kada wanda ya taɓa gicciyen nan sai na dawo."

"Mama, jibi fa tara. Compadre Epifanio har ya sayi tsintsiya."

"Ya share bakinsa da ita. Ke ce matarsa ko ni?"

"Ya ce ba kyau a riƙe mamaci, wahala yake sha."

"Ubanki ya taɓa jira na na gama kitso har aka tashi daga coci, bai mutu ba. Ya jira."

Ta ji Leobarda ta ja numfashi. "To, Mama."

Ran na tara ɗin, da rana tsaka, lokacin da ɗakin yake yin tsit sai ƙarar na'urori, Hermelinda tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Sai ta ji takun a baranda. Ƙafa ɗaya tana sauka, ɗaya tana ja. Tun da alfadari ya taka Crisóforo a gonar agave, tsiron da suke yin barasa da shi, haka yake tafiya, kuma takalmin fatarsa na hagu ne kullum yake fara cinyewa. Ma'aikatan asibiti leda suke ɗaurawa a ƙafa, tasu tafiyar shuu-shuu ce. Wannan kuwa fata ce a kan siminti. Takun ya zo daidai ƙofar gilashi ya tsaya.

Ba tsoro ne ya fara zuwar mata ba, haushi ne. Wato ko a mace ma mutumin nan ba zai zauna inda aka ajiye shi ba?

"Tsoho," ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba, "me ya fito da kai? Wurin nan ne bai ishe ka ba? Koma gida ka jira ni. Ina nan tafe, sai mu yi magana a tsanake."

Ya daɗe a tsaye, tana jin sa a gadon bayanta kamar yadda ake jin zafin murhu. Can takun ya ci gaba, ɗaya na sauka, ɗaya na ja, har ya ɓace. Ta yi murmushi, ta ce a ranta ya ji magana.

Daga nan kwanaki suka yi ta ja. Ruwan farko ya sauka, ta gan shi ta taga. Kullum da yamma ta kira gida.

"Yana nan?"

"Yana nan, Mama."

"Kina canja furen?"

"Ina canjawa."

"Nuna min a waya, kamar yadda jikar Doña Chabela ta gadon kusa da ni take nuna mata kajinta."

"Kyamarar ta lalace, Mama."

"Komai naki a lalace yake. Kina aje masa cakulan da safe?"

"Ina ajewa. Jiya ma kujerarsa ta yi ƙara."

Jin haka sai hankalinta ya kwanta, ta yi barci. Takun bai sake dawowa ba, ta ɗauka biyayya ce.

Likitar ɗakin wata yarinya ce mai suna Berenice, wadda Hermelinda ba ta taɓa ganin komai nata ba sai idanu biyu a bayan gilashi mai gumi. Sau ɗaya gwajin ya fito babu, Hermelinda har ta naɗe mayafinta ta zauna a bakin gado. Na biyun ya dawo da akwai. Ranar ta buɗe wa likita wuta.

"Ke 'yar nan, ki gaya min gaskiya. Ina ci, ina tafiya, jiya ni na tayar da matar can da ta zame a banɗaki. Wane irin ciwo ne wannan da ba ya ciwo?"

"Doña Hermelinda, wasu jikinsu yana daɗewa yana fitar da shi. Tsofaffi musamman."

"Uwarki ce tsohuwa."

Idanun suka yi dariya. "Ita ma haka take cewa. Ki saurara. Na'urar nan ba ta san rayayye da matacce ba. Mai yiwuwa ƙwayar ta mutu tuntuni, burbushinta ne ya maƙale a lungu, shi take gani."

"To saboda burbushi kuka tsare ni?"

"Saboda ba mu tabbatar ba tukuna. Ciwon sabo ne, mu ma koyo muke."

"A kaina za ku koya, mijina yana can yana jira?"

Berenice ta san inda mijin yake, ita ta sa hannu a takardar mutuwarsa. Ta gyara wa Hermelinda matashi.

Ƙarshenta ba gwajin ne ya sake ta ba. Manya ne suka sauya doka, suka ce wanda ya daɗe haka babu zazzaɓi ba ya shafa wa kowa, a bar shi ya tafi. Ma'aikata suka jeru a baranda suna tafi, aka ba ta ƙararrawa ta kaɗa. Ta kaɗa sau ɗaya don kada a ce ta yi rashin kunya, hankalinta yana kan hanya.

A mota Leobarda ba ta yarda sun haɗa ido ba. Suna isa Hermelinda ta wuce maƙwabtan da suke gaishe ta daga nesa, ta tura ƙofar ɗaki tana cewa, "To tsoho, ga ni."

Ɗakin fes. Babu kyandir, babu fure. Jan bulon ƙasa a share, an goge shi har yana ƙyalli. Malafarsa tana rataye a ƙusa.

"Yaushe?" ta ce.

Leobarda ta fashe da kuka. "Mama, compadre ya ce alhakinsa ba zai bar mu ba. Ni kuma ina jin tsoro in na gaya miki ciwon ya dawo, in rasa ku duka biyu..."

"Yaushe, na ce."

"Ran na tara. Da rana muka yi, saboda an hana fita da yamma."

Hermelinda ta dafa bango. Da rana tsaka. Ashe ba yawo ya fito ba. An sallame shi ne, ya ɗauki hanya, ya ratse da gurguwar ƙafarsa har birni, har ƙofarta, ya tsaya yana jira ta juyo. Ita kuwa ta kore shi da baya, kamar mai korar kaza daga shanya. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ya fi na ranar da aka gaya mata ya mutu, don wancan yi mata aka yi, wannan ita ta yi.

Ta durƙusa a tsakar ɗakin. A nan ƙasa ne ta gani. A tsagin da yake tsakanin bulo da bulo, inda tsintsiya ba ta shiga, akwai siririn fari. Ta bi shi da yatsa. Ya miƙe tsawon mutum, wani ya gitta shi daidai ƙirji.

Leobarda ma ta gani. Ta ruga ta ɗauko 'yar tsintsiyar compadre da kwali, ta durƙusa kusa da uwarta, cike da murna.

"Mama, kin ga bai tafi duka ba. Ki kwashe da hannunki, gobe mu kai masa. Kin ga ke ma kin sallame shi ke nan."

Hermelinda ta dubi tsintsiyar, ba ta karɓa ba. Ta miƙe da ƙyar, ta jawo kujerar Crisóforo tana ƙara a kan bulo, ta aje ta a gefen kan gicciyen. Ta jawo tata ta aje a ɗaya gefen, ta zauna, ta fuskanci tasa.

"Mayar da tsintsiyar nan," ta ce. "Ni saboda burbushi aka tsare ni, ban ga wanda ya ce ba kyau ba. Shi ma ya zauna. Dafa mana cakulan, kofi biyu."