Kuben Jar Fata

Shekara ashirin da shida Malam Abdulmumini yana zuwa bakin madatsar ruwa ta Bakolori ranar ashirin ga watan Oktoba. Ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafafunsa uku, ya ƙirga tsuntsayen ruwa tun fitowar rana har hantsi, a rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Bai taɓa fashi ba. Shekarar da ruwa ya cinye hanya, a kan jaki ya je. Shekarar da 'yan bindiga suka hana kowa bin hanyar Maradun, masunta ya bi a kwalekwale. Mutanen Talata Mafara sun daɗe da yanke masa hukunci: mutumin kirki ne, sai dai akwai 'yar taɓuwa. Asali kuwa aikinsa ne, lokacin da yake ma'aikacin noman rani, ya hango tsuntsayen jan baki tun daga nesa kafin su sauka a kan shinkafar mutane. Da ya yi ritaya jan baki suka sauka daga wuyansa, sauran tsuntsaye kuma suka ƙi barin zuciyarsa.

Matarsa Taibatu ta yi shugabancin makarantar firamare har ta gaji. Tun da ta ajiye alli ita ke raka shi, shi yana dubawa ita tana rubutawa, don rubutunsa kamar kaza ta yi tonon shara. Ba su cika faɗa a kan komai ba sai a kan madubi.

Madubin guda biyu ne. Akwai tsohon, kore, mai nauyi kamar taɓarya, wanda wani injiniya ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Wurin sa idonsa a miƙe yake, dole mutum ya ranƙwafa har bayansa ya ƙage. Shi ne Abdulmumini ya kai wa wani baduku ya ɗinka masa kube na jar fata, da murfi da maɗauri da 'yan tuntaye. Akwai kuma sabon, wanda wata ƙungiyar masu son tsuntsaye ta aiko masa, baƙi, marar nauyi, wurin sa idonsa a karkace sama yadda ko mai tabarau zai duba yana tsaye. Shi a jakarsa ya zo, mai soso a ciki da zif, wadda ruwa ba ya shiga.

"Malam, wanga tsohon naka ya kai shi huta," in ji Taibatu. "Sabon ya hi shi haske, ya hi shi sauƙi. Jakar ma ta hi. Taka hwata ce, tana shan raɓa kamar soso."

"Sabon naki haske gare shi, ba shi da kunya," in ji shi. "Komi hwari tas, kamar an wanke duniya da omo. Tsohon nan kuwa kalar gashin dinya yadda Allah ya yi ta haka yake nuna ta."

"Kalar tsufan gilashi dai."

"To ai ke ma ban canza ki ba."

"Don ba a aiko maka da sabuwa cikin jaka mai zif ba."

Gaskiya dai ita ke da gaskiya, kuma shi ma ya sani. Shi ya sa da damina ba ya taɓa rufe kuben. Rataye shi yake yi a ƙusa, baki buɗe, inda iska ke wucewa. A can ƙasan kuben kuma akwai ɗan ƙulli na baƙin ƙyalle cike da dakakken gawayi, mai tsotse danshi. Taibatu ce ke ɗinka shi. Duk Juma'a ta ciro, ta shanya a rana, ta mayar, tana mita.

Abdulmumini ya rasu a farkon damina, bayan jinyar kwana tara. Bai bar wasiyyar gona ko gida ba, ya san akwai masu yin wannan. Abin da ya ce mata kawai, yana riƙe da gefen zanenta: "Kada littahin ya yi giɓi." Ta ce ba zai yi ba.

Bayan addu'ar bakwai 'yarsu Nusaiba, wadda ta karanci ilimin halittu kuma take hidimar ƙasa can Kalaba, ta durƙusa gaban uwar ta ce tana son madubi ɗaya. "Inna, ki zaɓi naki, ni in ɗauki wanda ya rage."

Nusaiba har ta miƙa hannu wajen kuben fata, don ta san ra'ayin uwarta tun tana yarinya. Sai Taibatu ta ce, "Bar wannan. Ɗauki mai zif."

"Inna, ke da kike cewa..."

"Na san abin da nike cewa. Ɗauki mai zif."

Daga nan takaba ta kankama. Tsofaffin unguwa suka zo da dokokinsu, wasu na littafi, wasu na kaka da kakanni, aka gauraya su a ƙwarya ɗaya aka miƙa mata. A ciki har da cewa mai takaba ba ta shiga ɗakin mamaci, ba ta taɓa kayansa, kada ya riƙa zuwar mata a mafarki. Taibatu ta san babu wannan a ko'ina. Da lafiyar zuciyarta ce da ta tambaye su aya da shafi. Amma baƙin ciki yakan sa mai ilimi ma ya miƙa wuya, don musu yana bukatar ƙarfi, ita kuwa ba ta da shi. Ƙanin mijinta, Malam Surajo, mai koyar da ɗalibai a Bakura, ya tattara kayan wansa, ya kulle ɗakin, ya tafi da makulli.

Ruwan bana kuwa ba a magana. Bango ya yi ta tsattsafo, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Sau da yawa ran Juma'a hannunta yakan yi kamar zai nemi wani abu, sai ta tuna, ta ce a ranta ai Surajo mai hankali ne, kuben yana nan a ƙusarsa.

Ta fita takaba ranar sha takwas ga Oktoba. Ranar ashirin, da sassafe, Surajo ya zo da tsohuwar motarsa da makulli. Shi ya shiga ɗakin ya fito da ƙafafun ukun da wani dogon abu naɗe cikin leda, an ɗaure shi tam da tsumman roba.

"Yaya, ga amanarki. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Ta so ta kwance ledar nan take, amma rana na shirin fitowa. Ta rungume abin, ta ɗauki littafin, suka kama hanya.

"Ni dai ban taɓa ganin inda aka kai tsohuwa zance wurin agwagi ba," in ji Surajo yana kauce wa rami.

"Tuƙa mota, Malam ƙarami. Kai da matarka ke aike sayen daddawa."

"Ai gara ni. Yayana shekara ashirin da shida yana leƙen matan dinya, ke kina riƙe mishi littahi."

Ta yi dariya, karo na farko tun farkon damina, har sai da ta ji kunyar kanta.

Wurin da Abdulmumini ke tsayawa wani tudu ne mai tsakuwa, kusa da wata tsamiya. Ruwa ya cika ya batse. Can nesa, inda ciyawa ta nutse, akwai wani duhu-duhu mai motsi a kan ruwan, kuma iska na kawo fiton kirinjijiya, agwagin dajin nan masu fito. Sun zo. Da ido kawai ba za ka ce ga ɗari ga dubu ba, balle idon Taibatu.

Ta kafa ƙafafun yadda ta saba gani. Ta kwance robar, ta warware leda, leda a cikin leda har uku. Tun kafin ta kai ga kuben warin ya buge ta, warin rumbun da ruwa ya shiga. Jar fatar ta yi baƙi, tana naso, duk ɗinkin ya yi furfura. Ta buɗe murfin, ta zaro madubin, ta ɗora shi, ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta ranƙwafa.

Hazo ta gani. A cikin hazon akwai wasu farare-fararen zare kamar saƙar gizo-gizo, sun bazu daga gefe zuwa tsakiya. Ta murɗa wurin daidaitawa dama, ta murɗa hagu. Ta sake gogewa. Ta cire tabarau, ta mayar. Hunhunar a ciki take, tsakanin gilashi da gilashi, inda mayafi ba ya kaiwa.

Ta zura hannu cikin kuben har ƙasa. Babu komai.

"Surajo."

Ya ji yadda ta kira sunan babu wasa a ciki, ya matso.

"Mi ka yi wa kuben ga?"

"Gyara shi na yi, Yaya. Na shahe shi da man shanu don kada hwatar ta tsage, na naɗe, na sa a akwatin ƙarhe na ruhe. Don kada wani abu shi same shi."

"Akwai wani ƙulli a ciki. Baƙi."

Surajo ya dubi ƙasa. Ya gyara hularsa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, irin ta mai rufa wa ɗan'uwansa asiri.

"Na so kada ki sani. Na gan shi. Yaya, mutum yana kwance cikin kabari, ba a bar mishi irin wanga abu a bayansa. Ban buɗe ba, ban gaya wa kowa ba. Na ƙone shi, na yi mishi istigfari. Har yau ina yi mishi, kowace salla."

Taibatu ta dube shi.

"Ya kama da kyau?"

"Na'am?"

"Wutar. Ta kama da kyau? Ai ya kamata. Gawayi ne."

"Gawayi?"

"Gawayin murhuna. Ni na daka, ni na ɗinke, da zaren da na yi wa ɗiyarka ɗinkin riga. Danshi yake sha. Wanka ya yi shekara sittin da takwas bai rataya laya ba, sai da ya mutu ka ba shi ita."

Surajo ya ja da baya. Ya zauna a kan tsakuwa, babban malami da shi, ya dafe kai. Wata huɗu yana ɗauke da zargin wansa shi kaɗai, yana kuka a sujada saboda ƙullin gawayi.

Ta so ta ci gaba. Maganganu sun taru mata a baki, masu kaifi, irin waɗanda ta saba yanka malamai da su a ofis. Sai dai ta san ko da ƙullin yana ciki, wata huɗu a leda cikin akwati ba gawayin da zai iya. Kuma ta san wadda ta san haka tun farko, ta zauna a kan tabarma tana jan carbi, ba ta ce a buɗe ɗaki ba. Shi bai sani ba. Ita ta sani.

"A kira Nusaiba," in ji Surajo. "Ta aiko da ɗayan."

"Daga Kalaba? Kahin hantsi?"

Rana ta ɗaga. Duhun da ke kan ruwa ya fara rarrabuwa, wasu na tashi ƙungiya-ƙungiya suna nufar fadamun shinkafa. Ta sake ranƙwafawa, ta runtse ido ɗaya, ta nemi ko ɗan gefe mai haske a gilashin. Ta ga inuwa tana wucewa, ba ta san ko dinya ba ce ko zalɓe. Bayanta ya ƙage daidai inda nasa ke ƙagewa.

Surajo ya taso, ya tsaya kusa da ita, ya leƙa littafin.

"Yaya, ga na bara nan. Kirinjijiya ɗari huɗu da goma. Ki sa kusa da haka. Ai ga su nan muna gani, ba ƙarya ba ce ƙwarai. Wa zai sani?"

"Kai da ka ƙone gawayi don tsoron Allah, kai ne za ka sa ni ƙarya a littahin mamaci?"

Surajo ya koma gefe.

Ta zauna a gindin tsamiyar, ta buɗe sabon shafi, ta ja layuka yadda ta saba. Ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta wuri, da yanayin ruwa, da inda iska ke fitowa. A layin suna ta rubuta kirinjijiya, don ta ji fitonsu da kunnenta. Ta ɗaga biro a kan layin adadi, inda shekara goma sha ɗaya tana jiran murya daga bayanta ta faɗi lamba, ta ce masa ya sake ƙirgawa, ya ce mata ita ta zo ta ƙirga. Sannan ta rufe biron.

Shafi ashirin da shida cike, na ashirin da bakwai da farin gurbi a tsakiya.

Surajo ya naɗe ƙafafun ya kai mota. Da ya dawo zai tattara ledojin, ta ce ya bar mata kuben. Ta mayar da madubin ciki, ta bar murfin a buɗe, ta ɗora a cinya. Suka kama hanya, suka wuce gonakin albasa. Sai da suka shigo gari, wajen masu itace, ta ce ya tsaya.

"Sayo mini gawayi. Kaɗan."

Ya juyo ya dube ta, ya dubi kuben.

"Yaya, in hunhuna ta riga ta ci gilashi, ba ta..."

"Na sani," in ji Taibatu. "Sayo."