Minti Goma Da Tsakar Rana

Likitar ta juye robar maganin Baba a tafin hannunta. Ƙwayoyi huɗu ne farare, biyu ko rubutu babu a jikinsu.

"Ina kwalayen?"

Na kalli Umma, Umma ta kalli ƙasa.

Babu kwalaye. Baba mutum ne mai karanta takardar cikin kwalin magani daga sama har ƙasa, da ya ga "yana iya kawo jiri" ya daina sha ke nan. Shi ya sa Yaya, babban wana, yake ɓare ƙwayoyin ya jera na wata guda a robobi, ya yar da kwalayen nesa da gida. Katin asibitin ma a aljihunsa yake kwana. Shi kaɗai ya san me Baba yake sha.

Da safen nan Baba ya zame a banɗaki, ƙugunsa ya karye.

"Jini yana taruwa a ciki," in ji likitar. "In yana shan maganin tsinka jini na yi masa aiki haka, ba lallai in iya tsayar da jinin ba. In ba ya sha kuma na zauna jira, na cuce shi. Ƙarfe ɗaya nake son shiga da shi. Ku nemo mini wanda ya sani."

Yaya kuwa kwanansa tara a cikin duwatsu, shi da abokan aikin da yake shugabanta suna auna ruwan koguna, inda waya ba ta kamawa. Na san dai suna da rediyon oba-oba, kuma sau ɗaya suke kunna ta a rana, sha biyu daidai, na minti goma, don kada batir ya mutu.

Sha biyu saura kwata na isa ofishinsu. Ɗakin rediyon ƙarami ne, da fanka mai ƙara da taswira da ta koɗe a bango. Wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare yana zaune gaban na'urar. Na yi masa bayani.

"Au, ke ce Autar? Wadda yayanki ya ce sai an biya ki kike magana?" Ya tura mini kujera. "Zauna, 'yata. Yau kam za ki yi ta kyauta."

Sha biyu ta yi. Shuuu kawai. Da minti biyu wata murya ta fito tana karanto lambobin ruwa. Dattijon ya katse shi.

"Ajiye lissafin nan, Dogo. Ina shugabanku?"

"Yana ƙasa, bakin kogi. Lafiya?"

"Da lafiya zan ce ka ruga? Ruga!"

Muka zauna muna kallon agogon bango. Ma'aikata uku suka taru a bakin ƙofa. Wayata ta yi ƙara, Umma ce, ban ɗauka ba. Da minti bakwai muka ji haki.

"Wa ke nemana?"

Dattijon ya danƙa mini abin maganar. Na danna maɓallin da ƙarfi, na fara zuba. Na faɗi faɗuwar, da karayar, da abin da likita ta ce. Na yi tambayar. Shiru. Na sake yi. Shiru.

"Yaya? Yaya, kana ji na? Ya katse! Malam, ya katse!"

Dattijon ya kama babban yatsana ya ɗaga.

"Saki mana! In kina danne da shi ta ina zai shigo?"

Sai ga muryar Yaya a tsakiyar magana, yana ihu. "...ƙaramar, ƙaramar farar! Ta tsinka jini ce, likitan zuciya ya ƙara masa wata biyu da suka wuce. Safe da yamma. Auta, kin ji? Kada su taɓa shi!"

Ya faɗi sunan maganin, dattijon ya rubuta a bayan takardar lambobin ruwa, ya maimaita masa.

Na danna. "Ya sha ta yau da safe. Ni na ba shi." Na saki.

"To faɗa mata haka. Laifina ne, ban rubuta muku ba." Muryarsa ta fara dusashewa. "Kwana biyu ne a ƙafa zuwa inda mota take. Yanzu zan taso. Ki ce wa Umma..."

Shuuu.

A tsaye na kira likitar, takardar tana hannuna. Na karanta mata sunan. Na ji ta juya tana cewa wani, "Ku dakata da ɗakin tiyata. A kawo allurar da za ta karya ƙarfin maganin, a nemo jini leda biyu." Sannan ta dawo kaina.

"Sai yamma za mu shiga. Ke, mene ne rukunin jininki?"

"Irin nasa ne."

"To me kike yi a can? Taho."