Aikin Surukin Gogo

Chukwudi mai gyaran firji yana kwance rub da ciki a kicin ɗin Gogo, ya haska fitilar wayarsa a ƙarƙashin kabad. Ni ina tsaye a kansa, Gogo kuwa tana zaune a kujerar roba daga bakin ƙofa da kwanon sha a cinyarta. Karo na uku ke nan da ta cika kwanon tun shigowarmu. Da ya tashi ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ni ya duba.

"Hajiya Hadijatu, wa ya yi wannan aiki?"

Na buɗe baki zan faɗa, Gogo ta riga ni. "Mutumin kirki ne ya yi."

"Ban ce ba mutumin kirki ba ne, Mama. Amma ya toshe wa firji hanci. Irin wannan da ake sakawa cikin kabad, sai an bar masa hanyar iska a ƙasa, an bar masa a sama, a baya ma an bar fili kamar tafin hannu. Shi ya manne katako ko'ina. Inji yana ɗaukan zafi, ya mutu, ya tashi, ya sake mutuwa. Ga ƙofa kuma an ɗaura a karkace, roba ba ya kamawa. A wannan rana na Gashua? Murhu ne kike da shi, Mama."

"Ana gyarawa?" na tambaya.

"Minti arba'in. Zarto na yana mashin."

Gogo ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. "Ba za a sa zarto a aikin mijin 'yata ba. Sannu da zuwa, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Ka gaida gida."

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ta raba ni da Gogo, na san wannan muryar. Idan ta yi ta, an gama magana. Bafulatanar Kumagannam ce, mijinta dillalin shanu ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu da ciwon suga. Safe da yamma take yi wa kanta allura a cinya, maganin kuma ba ya son zafi ko kaɗan. Shi ya sa ɗanta Mahfuz, da ke aiki a Kano, ya sa mata sola a gidan, ya kuma aiko da wannan firji na zamani mai firiza a ƙasa, wanda ake ɓoyewa cikin kabad har baƙo ya rasa inda yake.

Da fari daga Kano ya so ya turo mai haɗawa. Ƙanwarsa Rahima ce ta yi ta roƙo a ba mijinta Ridwanu aikin, tunda kafinta ne, abin kunya ne a ce an tsallake shi an kawo bare. Ridwanu ya iya gado, ya iya ƙyaure, wannan ba na hana shi, amma bai taɓa ganin irin firjin nan ba, kuma ba mutumin da zai ce bai sani ba ne. Mahfuz dama tun farko bai so auren ba. Bara waccan da Rahima da mijin suka yi faɗa, ya zo ya kwashe ta da yaranta zuwa Kano, sai da Gogo ta yi wata biyu tana aika dattawa kafin aka mayar da ita ɗakinta. Ranar da ya yarda da aikin nan ina zaune a wurin, a waya ya ce wa ƙanwar, "Na ba shi. Amma wallahi idan ya yi wasa da maganin Gogo, kin gama zama a gidansa."

To wa Gogo za ta kai wa kuka? Mahfuz ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, "na Kano" take ce masa, hirarsu ba ta wuce gaisuwa. Ridwanu kuwa suruki ne. Idan ya zo, a bayan labule yake tsugunawa, ita tana ciki tana amsawa da murya ƙasa-ƙasa, ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba.

Ni ma da safiyar ranar na gane. Na kawo nama in ajiye, na zura hannu ciki, na ji ɗumi kamar na sa hannu a aljihu. Kindirmonta ya tsinke ya yi ruwa. Na ɗaga kwalbar maganin na duba a haske, na ga ya yi gudaji-gudaji ya manne a jikin kwalbar.

"Gogo, tun yaushe?"

"Tun satin da aka sa shi."

Sati biyar ke nan. Sati biyar tana soka wa kanta ruwan banza, tana ramewa, tana shan ruwa kamar raƙumi, mu kuma muna cewa bazara ce.

Bayan Chukwudi ya tafi na kwashe kwalaben na ɗaure a leda, na kai cikin randata, duk da na san aikin gama ya gama. Na tura maigidana, Malam Hizbullahi, ya zaga shagunan magani, aka ce irin nata ya yanke, sai dai Nguru. Ya ce gobe da sassafe zai hau mota. Ni kuma na ja mayafi na nufi shagon Ridwanu a bayan tasha, raina a ɓace, ina tafe ina shirya abin da zan gaya masa.

Na same shi yana goge ƙafar gado. Ya gaishe ni da ladabi, na ƙi zama.

"Firjin surukarka ba ya sanyi. Maganinta ya lalace."

Hannunsa ya tsaya. "Gogo ce ta aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

"To ai shekaranjiya na je gaisuwa, na tambaya ko akwai matsala, ta ce madalla, ta sa min albarka."

"Me kake so ta ce maka, Ridwanu? Ta ɗaga labule ta ce ka yi aikin banza?"

Ya haɗe rai. Ya ce wutar sola ce ba ta da ƙarfi, ya ce irin kayan nan na Turai ba a yi su don ƙasarmu ba. Da na ambaci Chukwudi kuwa sai ya jefar da takardar gugar.

"Wani kika kai ya duba min aiki? A gidan surukaina? Haba Inna, so kike maganar ta kai Kano?"

"So nake matar nan ta kai baɗi."

Ya ce yana da aikin ƙofofin masallaci a Dagona, motar tana jiransa, jibi idan ya dawo zai leƙa. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Masu shagunan kusa suka fito suna kallo, ni ko a jikina.

Washegari da hantsi na shiga na tarar Gogo ta yi amai a tsakar ɗaki, ta kasa tashi ta share. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Numfashi take ja mai zurfi, kamar wadda ta yi gudu. Na ɗauko waya zan kira Mahfuz, sai ta cafke min wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinta ba.

"Dija."

"Na'am, Gogo."

"Ki kira shi, ki ce ba ni da lafiya. Iyakar abin da za ki ce ke nan."

"Gogo, kashe ki abin nan yake yi."

"Kwanana ne idan ya ƙare. Yarinyar nan 'ya'yanta huɗu, ina za ta kai su? Na san bakinki, Dija, duk unguwar nan an san shi. Ki riƙe min shi sau ɗaya. Ki ce kin yi alkawari."

Ta ƙara matse hannun. Na ce na yi. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda ba kamar yadda na ji nata a wannan safiya.

A keke Napep muka kai ta asibiti, kanta a kafaɗata, Rahima ta same mu a can da goyo a baya tana kuka. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya dube mu.

"Tana yin allurarta kuwa?"

"Ba ta fashi," in ji Rahima.

"A ina take ajiye maganin?"

Rahima ta ce, "A firji, sabo ma." Ita har ga Allah ba ta sani ba. Likitan ya juyo gare ni, na ce a firji ne. Kafin Malam ya dawo daga Nguru da sabuwar kwalba a cikin kular ƙanƙara, Gogo ta daina gane mutane. Mahfuz ya iso da la'asar, kai tsaye asibiti ya sauka, bai matsa daga bakin gadon ba.

A rana ta biyu da azahar na koma gidan Gogo ɗauko mata zannuwa. Tun daga zaure na ji ƙarar zarto. Na shiga kicin na ga an ciro firjin an tsayar a tsakiya, Ridwanu yana durƙushe cikin kabad yana yanka katako, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Chukwudi yana tsaye yana nuna masa da yatsa.

"Ƙara kaɗan. Yawwa. Sama ma haka."

Ridwanu bai ɗago ba. "Inna, yaya jikin nata?"

Na wuce ɗaki na ɗebi zannuwan. Da na fito yana share garin katako da tafin hannunsa yana zubawa a aljihu, don kada a gani a shara. Na fice abina, don na san idan na fara magana ba zan tsaya ba.

Gogo ta cika washegari, rana ta ɗan ɗaga. Ba ta farfaɗo ba balle ta yi sallama da kowa. Ni da wasu mata biyu muka yi mata wanka, na ga cinyoyinta duk tabon allura, safe da yamma, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A nan ne na yi kukana, ban bari na fito da shi tsakar gida ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da masu gaisuwa, aka ce Mahfuz yana nemana a kicin. Na same shi tsaye gaban kabad ɗin, idanunsa jawur, ƙurar maƙabarta har gwiwar wandonsa. Rahima tana jingine da bango. Ridwanu ya zo wucewa ɗauke da tabarma, ya ga mu, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Inna Hadijatu," in ji Mahfuz, "likita ya ce min sugan Gogo ya hau kamar na wanda ya yi makonni ba magani. Ni kuma na san ba ta wasa da allura. Ke ce kullum kina gidan nan, kuma kowa ya san ba kya ɓoye gaskiya. Firjin nan yana sanyi?"

Maganar tana nan a bakina, a shirye, har da ranaku da sunan wanda ya duba. Ina so in faɗe ta, wallahi ina so. Na dubi Ridwanu na ga ya sunkuyar da kai, tabarmar a hammatarsa. Na dubi Rahima, ita kuma ni take kallo hankali kwance, tana jiran in wanke mijinta, jaririn yana barci a bayanta.

"Ga shi a gabanka," na ce. "Buɗe ka gani."

Ya ja ƙofar. Sanyi ya bugo mu har inda nake tsaye. Ya zura hannu ya taɓa bango, ya ja firizar ƙasa, ledojin ruwa sun daskare sun zama dutse. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya share fuska da hannun riga, ya ɗauko ledar ruwa ɗaya daga sama, ya taka har bakin ƙofa.

"Malam Ridwanu, na zarge ka a raina tun daga asibiti. Ka yafe ni. Aikinka ya yi kyau, kwananta ne ya ƙare." Ya miƙa masa ruwan. "Sha, tun safe kake cikin rana kana haƙa kabari."

Rahima ta fashe da kuka, ta ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Mahfuz ya dafa kanta, suka fita tare wurin masu gaisuwa.

Na bi bayansu, na sami gefen tabarma cikin mata na zauna, ana ta "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta," ina amsawa da amin. Daga inda nake ina hango ƙofar kicin. Ridwanu yana nan inda aka bar shi, tabarma a hammata, ledar ruwan a tafin hannunsa bai fasa ta ba, raɓar jikinta tana bin yatsunsa tana ɗiga a siminti.